Hannun Gwaggo a Hoto

Ba ni da tabbacin ko kafin a cire masara ne ko bayan an cire, domin abin ya kwana biyu, ni kuma mai yawan kokwanto ce ko a kan abin da na gani jiya. Abin da na riƙe shi ne na gama bautar ƙasa ina zaune a Malumfashi ba aiki, sai Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke Ƙarfi, ta aiko in je. Tun ban san kaina ba take haɗa man kaɗe da sabulun salo. Wata Hajiya mai shagon kayan kwalliya a Funtua ta ce za ta riƙa karɓa, amma sai an turo mata hotunan da za ta ɗora a waya.

"Ke 'yar boko, yau ga ranarki," in ji Gwaggo. "Mu ga abin da aka koyo."

Na kasa zaune, na kasa tsaye. Na shimfiɗa tabarma, na ga zanenta ya danne kayan, na naɗe. Na gwada faifai, na dawo kan sabuwar ƙwarya. Da na fitar da man tsakar gida da rana tsaka, kafin in daidaita waya ya fara narkewa. Haka na yi ta zagaya gidan da ƙwarya a hannu, kaji na bina, har washegari na gane hasken hantsi a gefen rumbu ya fi, ko dai haka na gani a lokacin.

Hajiya ta ce lallai a nuna hannu yana shafa man. Gwaggo ta miƙo nata, baƙi mai sheƙi, da ragowar lalle a farce. Na ɗauka, na tura. Ba a jima ba saƙon muryar Hajiya ya shigo.

"Yauwa, wannan shi ne! Mata suka ga haka za su yi rububi. Sai mu ce yana ƙara haske."

Gwaggo ta ce in nuna mata. Ta daɗe tana kallo.

"Hannun wa ke nan?"

"Naki ne, Gwaggo."

"Nawa? Yaushe na yi fari ban sani ba?"

Ta yi dariya, sai kuma ta daina. Masu jego ne ke sayen manta su shafa wa jarirai, don sun san ba ta gauraya shi da komai. Idan aka ji a Ƙarfi cewa man Gwaggo na sa fari, za a ce ta fara zuba man bilicin, kuma ba uwar da za ta sake aiko ɗanta saye. Magana kuwa daga Funtua zuwa Ƙarfi ba ta jiran mota.

Na yi ta laluben wayar, har na gano kyamarar ce ke haskaka fata da kanta. Na kashe abin. Washegari da hantsi muka koma gefen rumbu, na sake ɗauka, na kara wayar da hannunta na duba, na sake dubawa, sannan na tura.

"Kai, wannan ai ya yi duhu," in ji Hajiya da ta kira.

Gwaggo ta karɓe wayar. "Hajiya, a haka man ya same ni, a haka zai bar ni. Laushi nake sayarwa."

Hajiya ta yi dariya, ta ce a aiko kaɗan ta gwada, ta kuma yi alkawarin goge hoton farko. Na yarda da ita, ina jin. Duk da haka har yau in ta ɗora sababbin kaya sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina neman farin hannun nan. Ban taɓa ganinsa ba.

Matan gidan Gwaggo da suka ga abin suna nan da ransu. Duk wadda ta tuna shi ba haka ba, don Allah ta aiko mini in gyara.