Shanun da Ba Su Dawo Ba

Duk wanda ya yi firamare a Wurno ko Gwaram shekarun baya ya san Malam Safiyanu, ko ta muryarsa ko ta bulalarsa. Ɗan Sundimina ne, ya koyar da Hausa shekara talatin da biyar, ya yi ritaya ya dawo Birnin Kudu da akwatin ƙarfe biyu cike da littattafai, da kuma ciwon suga. Matarsa ta rasu bayan shekara guda, 'yarsa tilo tana aure a Gwaram. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ranar Asabar.

Duk Asabar bayan La'asar mutum bakwai ke haɗuwa a barandar shagon Yahuza tela. Malam ne ya kafa zaman, shi ya gindaya dokarsa: a zaɓi littafin da aka mayar fim, kowa ya karanta a gida, a zo a tafka muhawara, sannan a kalli fim ɗin a yi masa tsiya. Wanda ya kalla kafin ya karanta, ranar ba shi da bakin magana. Shi kuwa ba ya raga wa masu fim ko kaɗan. "Matsorata ne," in ji shi. "Marubuci ya kashe mutum, su kuma su tashe shi su ɗaura masa aure."

Tun bara ido ya fara yi masa gardama. Ya canja tabarau sau biyu, a banza. Ya sulale asibiti a Kano bai gaya wa kowa ba, likita ya ce sugan ya riga ya taɓa jijiya, sai haƙuri. Da yake Allah ya yi shi da taurin kai, ya dawo ya ci gaba da zuwa da littafi a hammata. Asirinsa ya rufu domin abin da ake zaɓa duk ya karanta tun da daɗewa. Sai ya buɗe shafi, ya bi layi da yatsa, yana zubo zance daga ka. Tsoronsa ɗaya ne tak: ranar da wani zai ce bari a karanta masa. Shi da ya koya wa rabin garin baƙi da wasali!

Ana nan sai Malama Bara'atu, tsohuwar ɗalibarsa da ke koyarwa a sakandare, ta kawo sabon littafi, labarin wani makiyayi da ambaliya ta tafi da garkensa, ya bi kogi yana nema. Kowa ya amince. Malam ya karɓi nasa, ya jujjuya, ya ce bangon ya yi kyau.

Kwana uku yana fama da shi a tsakar gida cikin hasken rana, ko layi ɗaya bai fito ba. Ran Laraba ya aikata abin da ya hana kowa. Ya je wurin masu tura fina-finai a waya, can bayan tasha, aka saka masa fim ɗin. Ya rufe ɗaki, ya kara wayar a kunne, ya saurara sau uku. Kunya ta rufe shi kamar babban da aka kama yana cin abinci da rana cikin azumi.

Ran Asabar ya yi magana mai daɗi, har ya saki jiki. "Abin da ya burge ni," ya ce, "yadda marubucin ya dawo masa da shanunsa a ƙarshe. Ka ji kukan saniyar nan daga bayan dutse!"



"Malam," in ji Bara'atu, "ai ko ɗaya bai samu ba. Gawarsa aka tsinta a bakin kogi."

Yahuza ya fashe da dariya. "Ko dai Malam ya leƙa fim ne?" Da ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye sauran.

Bara'atu ta lura Malam ya juyo don ya ba ta amsa, amma ginshiƙin da ke gefenta yake kallo. 

"Malam, idon ne?"

"Idon ne."

"Subhanallahi. To ai ba komai, Malam, ni sai in riƙa karanta maka."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya rufe littafin ya ajiye a kan benci.

"Doka doka ce," ya ce. "Yau ba ni da bakin magana. Ko da yake ni ko kallon ma ban yi ba."

Ya zauna har aka tashi. Ran Litinin aka sauke akwatunan nan biyu a ƙofar gidan Bara'atu, kafin mako ya zagayo 'yarsa ta zo ta tafi da shi Gwaram.

Bayan wata biyu Bara'atu ta je gaishe shi, da littafin a jaka. Ta same shi a zaure ya rame, yana fuskantar bango. Ta ce ko ta karanta masa babin ƙarshe? Ya girgiza kai. Can ya ce, "Da gaske ko saniya ɗaya bai samu ba?"

"Ko ɗaya, Malam."

"Madalla," ya ce. "Wannan marubucin bai yi ƙarya ba."