Zogalen Kafilin Maigidana

Shekarar da na yi aure maigidana ya samu aikin ban ruwa a lambun wani attajiri, can arewacin Jidda inda gidaje suke ƙarewa. Mutumin nan shi ne kafilinsa, iƙamarmu, takardar izinin zama, a hannunsa take. Ba shi da abin so irin tara itatuwa daga Indiya da Masar, kowanne da ɗan allonsa a wuya kamar an sa shi makaranta.

Ƙarshen rabi'i, lokacin fure, kafin zafi ya kankama, attajirin ya kwashi iyalinsa ya haye garin Ɗa'ifa shan iska. Sai maigidana ya ce ni da Innata mu je ran Juma'a mu ga fure kafin rana ta ƙone shi. Na san burga yake son yi wa surukarsa.

Ni dai ta burge ni. 'Yar unguwar Karantina ce ni, ba na ganin kore sai a faifan mai sayar da ganyen miyar mulukiyya. Ga furen jahannamiyya ya haye katanga ja wur, ga furen ful fari fat yana ƙamshi har ya sa ni atishawa, furen da ya fara zuba ya rufe hanya ana takawa.

Inna kuwa ko a jikinta.

"Wannan ana ci?"

"A'a, Hajiya," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Wancan fa?"

"Kallo ake yi."

"Ikon Allah! Mu muna sayen ruwa garwa-garwa, nan ana ɗura wa ciyawar kallo."

Muna shan kwana ta tsaya cak. Wani dogon ice ne siriri, ya yi fure fari ya sunkuyo.

"La'ilaha illallahu! Zogale!"

Da ƙafa Inna ta baro ƙasar Hausa tana budurwa, ta bi ta Sudan, tun daga nan ba ta sake sa shi a ido ba. Kafin mu ankara ta shimfiɗa mayafi, ta janyo reshe ta hau tsiga, ganye da fure duka.

Maigidana ya jiƙe sharkaf da gumi. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gabanta, ina zai iya ce mata bari? Ya ja ni gefe.

"Don Allah ki yi mata magana. Kullum sai kafilina ya zo ya tsaya a gindin icen nan. Korata zai yi!"

Na je na ce, "Inna, ba fa namu ba ne."

"Ke, riƙe min reshen nan."

Na dubi fuskarta, hawaye na bin kumatunta tana dariya. Na riƙe. Sai da icen ya koma tsirara ta ɗaure kayanta ta ce yalla, mu tafi.

Ranar an yi kwaɗo da ƙuliƙuli, tsofaffin layinmu suka cika tsakar gida, masu kuka na yi, masu lashe hannu na yi. Maigidana ko loma bai kai baki ba. Ni ma ban ci da daɗi ba, don in aikin ya tafi iƙama ta bi shi.

Ran da attajirin ya dawo, maigidana ya shigo da la'asar ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna.

"Aiki yana nan, Hajiya. Amma ki gafarce ni. Ya tambayi wanda ya yi, na ce akuya ce ta shigo."

Inna ta ƙyalƙyale har da buga cinya. "Madalla! Ka ce masa akuyar ta gode."

Bai tashi ba.

"Sai ya ce halas, shi ke nan, ba ya son icen da ke jawo akuya. Ya sa na sare, aka ƙone."

Dariyar ta ɗauke.

"Akuyar na yafe maka, ɗan nan," ta ce a hankali. "Amma da hannunka ka sare, ko sanda ɗaya ba ka kawo min na dasa ba?"