Makullai Tara a Hannun Baba Lucjan

Shekara talatin da huɗu Lucjan Sroka ya yi yana sauke ƙarfe yana ɗagawa a mararrabar jirgin ƙasa da ke bayan garin Radom, har tsayuwa wuri guda ta zame masa jiki. Iyayensa can gabas aka binne su, a ƙasar da iyaka ta daɗe da haɗiyewa. Saboda haka duk ranar ɗaya ga Nuwamba, Ranar Dukan Tsarkaka, da kowa ke kulle gida ya tafi kunna fitila a kabarin nasa, shi ba shi da wurin zuwa. Matarsa Melania takan hau bas zuwa ƙauyensu, Lipniki, shi kuma a bar shi da layin unguwarsu.

Da makullin gidan maƙwabci ɗaya aka fara. Shekarar da ɓarayi suka fasa gidaje huɗu a layin bayansu, suka kwashe na kwasa, suka farfasa sauran har da kwalaben kokwamban da aka adana don hunturu, suka ɓata bango da fenti, sai makullan suka zama tara. Sabo turken wawa. Ba wanda ya ƙara tambayarsa ko yana so, da safe kawai ake zuba masa su a akwatin wasiƙa.

A faɗi gaskiya, ya iya aikin. Dariya yake yi wa masu barin ƙwan lantarki a kunne da rana tsaka. "Wannan ai talla ce," in ji shi. "Ka ce wa ɓarawo shigo, ba kowa." Shi da hayaƙi ya yarda. Gida-gida yake bi yana hura murhu, ya shanya wanki a nan, ya ɗaga labule a can, ya sauya wa takalman bakin ƙofa wuri. Ladansa yankan kek ne, shi ma in an tuna.

A watan Fabrairu Melania ta rasu, aka kai ta Lipniki kusa da mahaifiyarta. Ba ɗa, ba jika. Kabarin da ya wuni ba fitila a Ranar Tsarkaka kuwa sai an nuna shi da baki, a ce wannan ba ta da kowa. Lucjan ya sayi babbar fitilar kabari mai jan gilashi da murfin ƙarfe, ya sanar da layi cewa bana a nemi wani.

Ana gobe biki sai ga maƙwabcinsa Waldek da matarsa Danuta a bakin ƙofa.

"Haba Baba Lucjan!" in ji Waldek. "Ka tafi ka bar mu a hannun wa? Sabuwar talabijin fa na saka."

"Goya ta ku tafi tare, ta gaida surukarka."

"Kai dai bakin nan naka! To ji nan, ai ta Lipniki za mu bi. Kawo fitilar, ni da kaina zan kunna wa Inna Melania. Wuta ba ta tambayar hannun da ya kunna ta."

"Ga kuma gwiwarka," Danuta ta ɗora. "Ina kai ina bas a cunkoson gobe? Zauna ka huta abinka, Baba."

Hutu! Amma Lucjan mutum ne da kunya ta fi ƙarfin bakinsa. Ya miƙa fitilar, ya haɗa da ashana. "Layi na uku daga ƙofar makabarta, gefen famfo," ya faɗa har sau uku. Ransa bai so ba ko kaɗan, ya kuwa san bai so ba.

Washegari kafin ƙarfe goma layin ya yi tsit, amma hayaƙi na tashi a gidaje tara. Bayan tsakar rana wata farar mota ta shigo a hankali, ta tsaya daidai gidan Waldek. Maza biyu suka fito, ɗaya riƙe da jakar kayan aiki. Suka tarar da tsoho a tsakar gida yana faskare.

"Sannu Baba, mitar gas muka zo dubawa."

"Ranar Tsarkaka? Lallai kun fi limamin coci himma." Bai ajiye gatarin ba, ya ɗaga murya wajen taga. "Waldek! Ku fito kai da ƙannenka, ga baƙi!"

Ba su jira ƙannen ba. Sai da motar ta sha kwana sannan ya zauna a kan kututture. Ya duba agogo, ya ce a ransa yanzu haka fitilar tana ci, ja wur a gefen famfo. Da wannan ya lallashi kansa.

Da yamma motoci suka fara dawowa. Waldek ya fito yana miƙa, ya leƙa talabijin ta taga, ya dawo yana washe baki.

"Kun kunna?" Lucjan ya tambaya.

"Tana ci kamar rana! Ta fi ta kowa. Zo ka kama mini buhun dankalin nan, surukata ta haɗa mu da kaya."

Ya buɗe bayan mota. Da Lucjan ya ɗaga buhun, sai ga fitilar a ƙarƙashinsa, murfin ya lotse, lagwanin fari tas, ashanar na nan yadda ya ɗaure ta.

Waldek ya sosa ƙeya yana kallon taya.

"Baba, ba ka ga hanyar Lipniki ba ne," in ji Danuta. "Ko allura ba ta shiga. Muka ce a dawowa, a dawowa kuma yara sun gaji. Ai baɗi na nan. Ita ma Inna ba za ta riƙe ka ba."

Bas ɗin ƙarshe ya tashi tun ƙarfe biyar. A wannan lokacin dukan makabartar Lipniki tana haske, mutane na wucewa ta gefen famfo suna kallon kabari ɗaya mai duhu. Buhun na kafaɗarsa, yana danne shi.

"A ina zan ajiye?" ya ce.