Awon da Wally Ya Fita Ɗaukowa

Noreen Triffitt ba ta taɓa taka ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya ba, amma a kanta ta ƙarar da ƙuruciyarta. Aikinta a ofishin yanayi na birnin Hobart shi ne tace awon sanyi da iska da ma'aikatan tashoshin can suke aikowa ta rediyo. Mace ce mai tsantseni har ya yi yawa. In ka yi kuskuren lamba za ta yi maka uzuri, amma in ka tsallake awo ka bar mata gurbi, ka shiga uku.

Abokin tsokanarta Wally Dunstan ne, tsohon masunci da ya koma aikin awo a wata tasha. A hunturun wata shekara, guguwa ta sa ya tsallake awo a jere, Noreen kuwa ta sa shi gaba a rediyo.

"Wally, tsufa ne ko bargo ne ya yi daɗi?"

"Ranki ya daɗe, iskar nan sai ta ɗauke saniya."

"Ai kai ka fi saniya nauyi. Ba ga igiya an ɗaura muku ba?"

Ya yi dariya ya ce, "To uwar ɗakina, kin daina ganin gurbi daga wajena."

Wasa take yi, Allah ya sani. Shi kuma mutum ne da ba a yi masa gori sau biyu. Da guguwa ta dawo, ya kama igiyar da ta haɗa ɗakin kwanansu da akwatin ma'auni, ya je ya karanta, ya rubuta. A hanyar dawowa igiyar ta kuɓuce masa. Sai da iska ta lafa aka same shi, dab da ƙofa. Jirgin ruwa ba ya iya zuwa sai bazara, don haka gawarsa ta zauna can tare da su.

Shugaban tashar ya aiko da awon da aka ciro daga aljihunsa. Noreen ta gwada shi da na sauran tashoshi. Bai yi daidai ba. Ƙanƙara ta cika akwatin, ma'aunin bai auna iskar waje ba sam.

Abokiyar aikinta Beryl ta dafa kafaɗarta. "Ki bar shi haka, 'yar'uwa. Wa zai sani? Mutumin nan ransa ya bayar."

Baƙin ciki ya kama Noreen, don ta san bakinta ne ya fitar da shi waje, kuma a banza.

"Da wannan ake yi wa jirage hasashen yanayi, Beryl," ta ce.

Ta ɗauki jan biro ta soke awon, ta sa hannu a gefe. Ta yi shekaru tana aikin bayan haka, tana tace lambobi shiru, amma ba ta ƙara zama gaban rediyon ba.