Tumbin Tayyib na Karare

A watan Afrilun 2007 na san Tayyib, ina sabon ritaya daga koyarwa a Batsari. Ya zo wurina daga Karare da takardar asibiti, don an ce masa akwai wani tsohon ɗan makarantar mishan mai karanta Turanci, mai riƙe baki. Takardar ta ce yana da ƙanjamau. Asibitin na son wanda zai tsaya masa kan shan magani, na sa hannu. Tun daga ranar, duk wata yakan biyo da 'yar jakarsa mu duba ranakun karɓar magani.

Maganin ya tashe shi. Amma da shekaru suka ja, hannuwa da kumatu suka zube, ciki ya fito. Likita ya ce kitse ne ya taru, aikin tsofaffin ƙwayoyin. Aka canza su, cikin bai koma ba. Mutanen Karare suka laƙa masa Alhaji, shi da gonar gyaɗa ɗaya tal. Da wasa ne. Da 'yan bindiga suka fara ɗaukar mutane ya daina zama wasa, domin masu kai musu labari tumbi suke dubawa.

Bara ya kawo mini wata takarda da ma'aikacin asibiti ya kwafo masa daga waya. Na karanta sau biyu. Wata allura ce da ake yi kullum a fatar ciki, tana sa jiki ya saki sinadarin girma, shi kuma ya rage kitsen. In an daina, kitsen ya dawo. Ba mu san mai sayar da ita ba.

"Malam, maganin girma zan yi in ƙanƙance?"

Na ce haka aka rubuta. Ya tambaya ko lafiya ce ta kawo cikin ko ciwo. A zamaninmu an koya mana ciwo ramar da mutum yake yi.

Daga nan ya daina zuwa, har na ɗauka fushi ya yi. Sai matarsa Mahfuza ta zo Batsari awo, ta biyo gaishe ni. Ta ce ashe an daɗe ana raɗa cewa dukiyar Alhaji a gidana take, jakar nan ita ce shaida, har wani baƙo ya tambayi unguwarmu. Ranar da Tayyib ya ji, ya tsaya a majalisar ƙofar masallaci bayan Azahar, ya zazzage jakar a tabarma, ƙwayoyi da takardun asibiti suka zubo, ya faɗi sunan ciwonsa da bakinsa.

"Yanzu ba mai ce masa Alhaji, Baba. Wasu ma ba su ba shi hannu."

Ya dawo watan jiya da jakar. Muka duba ranakun. Bai ɗauko maganar masallacin ba, ni ma ban ɗauko ba.