Kwanar Ɗan Damagaram

Shekara tara ke nan da muka binne abokina Mamman mai faci. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya taho da shi Gombe daga Damagaram, bai kuma sake tsallake iyaka ba. A wata kwana a Barunde ya yi ta gyaran taya har furfura ta cika masa gemu. Ni dillalin wake ne, a wurinsa motocina ke tsayawa. Fasto Bitrus ma can yake ajiye babur ɗinsa, mu zauna mu uku a kan benci ɗaya. Yau kowane mai keke ka ce wa Kwanar Ɗan Damagaram, ba zai tambaye ka hanya ba.

A watan jiya autarsa Hauwa ta samu gurbin karatun jinya, aka ce sai ta kawo takardar shaidar asali kafin a rufe rajista. Na raka ta ofishin. Ma'aikacin ya ga adireshinta, ya ji inda sunan kwanar ya samo asali, sai ya turo mata fom ɗinta ya ce ta je Nijar ta nema. Yarinyar da ko Kano ba ta taɓa zuwa ba. A bayan kwanar nan gidan ma'aikacin yake, da sunan Mamman yake kwatanta wa baƙinsa hanya.

Da Mamman na nan, na san dariya zai yi ya ce ƙasar mutum ita ce inda za a yi masa sallah in ya mutu. Ni ban iya dariyar ba. Mahaifina daga Katsina ya zo, bayan zuwan mahaifin Mamman ma, amma ba wanda ya taɓa tsare ni da tambaya.

Na saba warware ciniki, don haka a waje na ce mata ta rubuta sunana a gurbin uba, a gama yau. Ta dube ni ta ce:

"Baba, masu keke ba su goge sunansa ba, ni ce zan goge?"

Ban taɓa jin ƙyamar dabarata irin ta ranar ba.

An rufe rajista ran Juma'a, ba da ita ba. Ranar muka fito daga ofishin, muka tare keke za mu koma gida, direban ya tambayi inda za mu sauka. Ita ta faɗa masa.