Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Ni ne ɗan farin Inna, don haka na taso ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan" take ce mini, har na yi gemu na fara aiki a kamfanin auduga nan Garuwa.

Inna ungozoma ce ta asibiti, kuma a Yola ta yi karatun jinya, Turanci zar a bakinta ban da Faransancin aiki. Da Ingila ta buɗe ƙofa ga ma'aikatan jinya sai ta nema. Ta ci jarrabawar Turanci, ta hau jirgin ƙasa daga Ngawundere zuwa Yawunde don ganawar biza.

Aka hana ta. Wai an yi mata tambaya mafi sauƙi ta kasa amsawa, alamar ba ta jin Turanci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi ta binta da tambaya kafin ta faɗa, tana kallon ƙasa, cewa Baturen ya tambayi sunan mijinta ne, sannan na babban ɗanta. Duka biyun ta sunkuyar da kai ta yi murmushi.

Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi kam ya gode da wannan ladabi mai tsada.

Muka sami lauya ya ɗaukaka ƙara, ya bayyana musu cewa kunya ce irin tamu, ba rashin Turanci ba. Suka yarda a sake ganawa. Sai dai lauyan ya gargaɗe ta, wannan karon dole ta faɗa.

Ni aka naɗa Baturen gwaji. Kullum bayan la'asar sai in ɗaura tsohon nakatayen Baba a wuya in zauna gindin darbejiya ina tsare gira. Sunan Baba bai ba ta wuya sosai ba, abin da ya ɗan ɓata masa rai. Nawa kuwa, da mun iso wurin sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ko ta tuna da tukunya a wuta.

Ana jibi tafiya Yawunde na sake tambayar sunana. Ta dubi reshen darbejiyar, ta faɗe shi a hankali, cikakke. Na nemi tambaya ta gaba na rasa.

"Bature, ka yi shiru," in ji ta. "Ko kai ma ba ka jin Turancin?"

Bizar ta fito, muka yanka rago. Yanzu in ta bugo waya daga can, "Kai wannan, ka ci abinci?" take cewa. Ba na damuwa. Na riga na ji sunan sau ɗaya, kuma kafin Baturen gaske ya ji.